Hannun da Na Karɓi Haihuwar Dije da Shi

Sabon Birni,
Safiyar Litinin.

Zuwa ga ɗiyata Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa da ta fara kewa tun ba a kai ga rabuwa ba. Za ki iske wannan takarda cikin jakarki, ƙarƙashin farar rigar aiki, idan kin sauka. Ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe ta cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare maki hanyar Burkusuma tafiya da dawowa, Ya makantar da duk mai mugun nufi daga barinki. Babanki ma addu'arsa ke nan bayan kowace salla.

Ba labarin gida za ni ba ki ba, don jiya-jiya kinka bar shi. Wata magana ce da na kasa faɗi muna kallon juna. Kin fi ni karatu, Rabi, wannan ba gardama. Kin san sunayen ƙwayoyin cuta waɗanda ni ko furta su ban iya ba. Na san kuma an koya maki wanke hannu a makaranta, kin ci jarrabawarsa. Ni ma an koya mani, ni ma na ci. Amma ki ji abin da ya same ni duk da haka.

Shekarata ta biyu ce da fara aiki a ƙaramin asibitin nan na wajen Kurawa, inda na yi shekara ashirin da bakwai. Ɗaki uku ne da baranda: ɗakin Malam Sanda, wanda shi ne babbanmu, ɗakin wanke ciwo da allura, sai ɗakin haihuwa mai gado ɗaya. Famfo babu. Mai jaki ke kawo ruwa daga rijiya da safe ya juye cikin randa. Daga randar nake cika wani farin daro, in ɗiga ruwan magani har ya yi fari kamar tsinkakken nono, in aje bisa benci, ga tawul guda rataye jikin ƙusa. Duk wanda ya gama da majinyaci sai ya tsoma hannu ya dama, ya goge. Tun safe har azahar ruwan nan guda ne. Da yake warin magani na tashi, sai muna ganin tsafta ce muke yi. Haka na iske ana yi, haka na ɗora, ban taɓa tambayar kaina ina dauɗar mutumin farko ta tafi ba.

Wata ranar kasuwa anka kawo wani ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar. Salansar babur ta ƙone shi a ƙwauri, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da harkarsa har kwana tara. Da na kwance tsumman sai da na kau da fuska. Mugunya ce ta cika wurin, har ta fara cin nama. Safar hannu ta ƙare mana tun makon da ya wuce, don haka da hannuna haka nan na yi ta fama da auduga da almakashi. Ina cikin naɗa bandeji sai na ji amalanken shanu ya tsaya a ƙofa, mata na ta kira.

Dije ce anka kawo, matar wani makiyayi mai suna Bello. Cikin fari ne, naƙuda ta kama ta tun asuba. Surukarta ta leƙo ɗakin ta ce, "Malama, yi sauri, kai ya sauko!"

Na ruga. Na tsoma hannu cikin daro, na goge da tawul, na shige. Zoben azurfar da babanki ya saya mani yana yatsana, farcena kuma da ɗan tsawo don na tara shi saboda lallen wani biki. Yaro ya zo lafiya, namiji, da kukansa mai ƙarfi. Mabiyiya ce ta ɗan yi gardama, sai da na sa hannu na taimaka mata. Ranar na koma gida ina jin babu kamata. Har na gaya wa babanki cewa cikin hantsi guda na ceci ƙafa na kuma karɓi ɗa.

Kwana uku da haihuwa sai ga Bello a bakin baranda, ko sallama bai gama ba.

"Malama, jikin Dije kamar garwashi. Ba ta gane mu."

Na hau kabu-kabu munka nufi ruga. Tun daga bakin bukka warin ya gaya mani abin da ke ciki. Ba mu tsaya ba, munka nemi mota munka kai ta babban asibiti a Isa. Bayan an sa mata ruwa an fara allurai, wata tsohuwar nas ta ja ni gefe.

"Ke kinka karɓi haihuwar?"

Na ce ni ce.

"Mi kinka taɓa kafin ita?"

Na gaya mata labarin mai ƙunar salansa.

"Da mi kinka wanke hannu?"

Na ce, "Ai muna da daro mai magani."

Ta dube ni, ta ce, "Miƙo hannunki." Ta murɗa zoben nan ta zare shi. Rabi, abin da ke ƙarƙashi ban so ki taɓa ganin irinsa a jikinki. Fatar ta jiƙe ta yi fari, ga baƙin datti danƙare cikin zanen zoben. Ta ɗaga yatsuna ta nuna mani ƙarƙashin farce. Ni da nake ganin duk unguwarmu ba wadda ta kai ni tsafta.

Ba ta zage ni ba, ko murya ba ta ɗaga ba. Ta kai ni bakin famfo ta ce in duba. Ta jiƙa hannu, ta shafa sabulu har ya yi kumfa sosai. Ta cuɗa tafi da tafi, ta hau bayan wannan da tafin wancan, ta saƙa yatsu cikin juna ta goga tsakaninsu. Ta kama babban yatsa ta murza shi shi kaɗai, ta ce, "Wannan shi ya fi kowa aiki, shi kuma aka fi mantawa." Ta tattara kan yatsu ta gurza cikin tafi don farce, ta zagaye wuyan hannu, sannan ta bar ruwa ya zuba daga sama ya tafi da kumfar. Ta rufe famfon da gwiwar hannu. Ba ta goge a rigarta ba, ta ɗaga hannuwan sama har iska ta busar da su. Sai ta ce, "Yi in gani." Sau uku tana maishe ni baya. Duk abin da ta nuna na san shi a takarda. Ranar ce ya shiga hannuna.

To ga abin da nake so ki riƙe daga nan. Ruwan da ke tsaye ba ya wanke hannu, ko da turaren duniya anka zuba masa. Ruwa ya zubo, ya wuce, kada ya dawo. In babu famfo, a zuba maki da buta. Zobe da awarwaro da agogo ki bar su gida ko cikin jaka, farce kuma ki yanke shi ƙasa, kwalliyar biki ba ta kai ran mutum ba. Sannan kada ki yarda da muryar nan da ke cewa babu lokaci. Na sha auna abin daga baya: ranar Dije da na tsaya na ƙirga arba'in ina cuɗa sabulu, da yaron bai riga ni ba. Gaggawar a kaina take, ba a gadon haihuwa ba.

Dije ta yi kwana goma sha tara a kwance. Allah Ya tashi kafaɗunta, amma nononta ya ƙafe, ƙanwar Bello ce ta shayar da yaron. Ba wanda ya nuna ni da yatsa. Danginta cewa sunka yi iska ce ta buge ta a hanya. Ni kuma na ji daɗin wannan bayani, na yi shiru. Wata huɗu ina shiru, suna aiko mani da ƙwaryar nono ta godiya, ina karɓa, ina kasa sha. Ba za ni iya rantsewa cewa hannuna ne ya kai mata ciwon ba, amma ba za ni iya rantsewa ba shi ba ne, kuma wannan ya ishe ni hana barci.

Rannan dai na shirya na tafi rugar. Na iske ta zaune gindin aduwa tana kaɗa nono, ta rame amma idonta ya dawo. Bayan gaisuwa na gaya mata komai, da ɗan kasuwa, da daro, da zobe. Ta daina kaɗawa, ta dube ni, ta ce:

"Da kin sani, da kin yi?"

Na ce, "Wallahi da ban yi ba."

"Yanzu fa, kin sani?"

"Na sani."

Ta ci gaba da kaɗa nononta. Can ta ce, "To in Allah Ya sake ba ni ciki, wurinki za ni zo. Ke kin riga kin sani. Wata ba ta sani ba tukuna."

Kuma ta zo, har sau biyu, duka lafiya lau. Don haka, ɗiyata, in kin yi kuskure, kuma za ki yi, kada ki ɓoye shi bayan maganar iska ko ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba mayafin rufe sakaci ba ce. Ki faɗa wa na gaba da ke da wuri, tun ana iya gyara. Shirun wata huɗun nan ya fi faɗin nauyi nesa ba kusa ba.

Da na dawo daga Isa na kife daron nan, na kai bokiti wurin mai walda ya huda shi ya sa masa kan famfo, na ɗaure sabulu da igiya a gefe. Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe gyara bokiti ya fi gyara mutum sauƙi.

Malam Sanda mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa. Ya girme ni da shekara talatin, kuma duk yankin ba wanda bai ci arzikin hannunsa ba. Amma ya dubi bokitina ya yi dariya ya ce, "Asma'u, tun ba a haife ki ba nake allura." Ya ci gaba da duba mutum goma a jere ba tare da ya taɓa ruwa ba. Ina gani, ina kau da kai. Ina cewa a raina, ni wa, da za ni gaya wa sa'an babana ya wanke hannu? Na kira abin kunya da ladabi. Tsoro ne kawai.

Sai shekarar da ciwon ido ya shigo. Iyaye mata sunka cika baranda da yara. Malam Sanda na zaune kan kujera, a miƙo yaro, ya buɗe fatar idon da yatsa biyu, ya ɗiga magani, a miƙo na gaba. Cikin layin har da waɗanda tari ko zazzaɓi ya kawo, shi kuma bisa al'adarsa sai ya ja fatar idonsu ya duba ko da jini a jikinsu. Bayan kwana kaɗan na fara ganin fuskokin da na sani suna dawowa. Wata mata daga Kurawa ta ce mani, "Malama, don tari na kawo ɗiyata, ga shi na koma da ciwon ido." Ta faɗa ne ba da zargi ba, amma ni na san inda idon ya fito, kuma na san bakina ne ya bar shi ya fito.

Washegari ban yi masa wa'azi ba. Na ɗauko buta da sabulu da roba, na zo na durƙusa gefen kujerarsa kamar yadda ake yi wa babba in zai ci abinci. Da ya gama da yaro na farko na ce, "Malam, ga ruwa." Ya dube ni, ya dubi matan da ke kallo. Babba ba ya ƙin ruwan da anka durƙusa anka miƙa masa. Ya wanke. Ya gama da na biyu, na ce, "Malam, ga ruwa." Wajen na shida ya ce ƙasa-ƙasa, "Ke dai ba ki gajiya?" Na ce, "In kai ba ka gaji da su ba, ni ba ni gajiya da kai." Ya yi murmushi. Kwana uku ina durƙuso. A na huɗu da na iso na iske ya jawo bokitin da kansa ya aje dab da kujerarsa.

Inda za ki, za ki iske manya. Wasu sun fi ki sani da gaske, kuma dole ki girmama su. Amma girmamawa daban, yin shiru ana cutar da wanda ya kawo kansa gare ku daban. Akwai hanyar da za ki bi ki gyara babba ba tare da kin kwance masa rawani a gaban mutane ba. Ki neme ta, tana nan kullum. In kin neme ta kin rasa, to ki faɗa kai tsaye, cikin ladabi, ku biyu. Shekara guda na ɓata ina jiran ƙarfin hali ya zo mani da kansa.

Sai dai wanda ya daɗe yana shiru, in bakinsa ya buɗe yakan wuce wuri. Bayan Malam Sanda ya yi ritaya anka ba ni riƙon asibitin, anka turo mani wata sabuwar ma'aikaciya, Hajara, sa'arki a yanzu. Lokacin safar hannu ta wadata. Rannan na gan ta ta gama wanke wa wani tsoho gyambo, ta juya da safar nan a hannunta ta ɗauki katin mai ciki, ta gyara ɗankwalinta, za ta auna matar. Na daka mata tsawa a gaban baranda cike da mutane. Na ce mata kalmomin da ba za ni maimaita maki ba. Ta sunkuyar da kai, ta tuɓe safar, ta wanke hannu tana hawaye.

Na ɗauka na yi nasara. Abin da na samu shi ne, Hajara ta koyi wanke hannu in ina wurin. Da na ba da baya sai ta sa safa guda ta wuni da ita. Wata guda ana haka, ina faɗa, tana "to". Ranar da na kama hannunta don in ja ta bakin bokiti, sai ta yi ƙara. Na duba. Duk bayan hannun ya tsage, tsakanin yatsu har da jini. Lokacin sanyi ne, sabulun wanka ya ƙare, ni ce da kaina na zuba garin sabulun wanki a wurin na ce a yi maneji. Fatarta ba ta ɗauke shi ba. Kowane wanki azaba ne gare ta, safar nan ɓuya take yi cikinta.

Na ce, "Don mi ba ki gaya mani ba?"

Ta ce, "Inna, yaushe kinka tambaye ni?"

Na ba ta haƙuri a gaban mutanen da na kunyata ta a gabansu, na sake sabulu, na kawo mata man kaɗe ta riƙa shafawa in an tashi aiki. Cikin mako biyu hannun ya warke. Hajara ta zama ta fi ni tsanani a kan ruwa da sabulu, har masu jinya take tsarewa.

In kin ga abokin aiki ba ya wankewa, kafin ki yanke cewa ƙazami ne ko malalaci, ki duba. Wataƙila bokitin na can ƙarshen baranda, shi kuma mutum talatin na jiransa. Wataƙila ruwa ya ƙare tun hantsi ba wanda ya cika. Wataƙila hannunsa ne ke ciwo. Mafi yawan waɗanda na yi aiki da su sun san ya kamata su wanke, abin da ke hana su ƙarami ne, kuma ana iya kawar da shi. Ki matso da ruwa kusa da inda ake aiki, za ki ga rabin faɗan ya mutu.

Ita kuwa safar hannu, ki san matsayinta. Mutum guda, aiki guda, a tuɓe a jefar, a wanke hannu. Wadda ta wuni a hannu ke kaɗai take karewa, kowa kuma tana raba masa abin da ta kwaso. Ruwan nan na kwalba da kuke shafawa yanzu yana da kyau ƙwarai, da muna da shi a zamaninmu da an huta da yawa, ki sa ƙaramar kwalba cikin aljihu. Amma in kin ga jini ko mugunya ko datti da idonki, sai ruwa da sabulu. Wayarki kuma, na ga yadda take manne da tafinki. In ta yi ƙara kina tsakiyar aiki, ki bar ta ta yi ta yi, ko da ni ce ke kira. Za ki ji masu cewa, "Ai yanzu na yi alwala." Ki amsa masu da fara'a cewa alwala ta yi nata aikin, an tsaya gaban Ubangiji da tsarki, yanzu saura haƙƙin bawan da ke kwance.

Ban rubuta duk wannan don in tsorata ki ba. Ba ni da shakka a kanki ko kaɗan. Na ga yadda kike aiki da nutsuwa, na ga ba ki jin kunyar tambaya, kuma kina da taurin kan da ni sai da na tsufa na same shi. Mutanen da za ki iske can, manoma ne da makiyaya da masu tsallaka iyaka da kaya, da yawansu sai sun yi tafiyar rabin wuni bisa babur kafin su iso gare ki. Ba za su tambaye ki mi kinka taɓa kafin su ba. Sun yarda da ke tun kafin su san sunanki. Ke kaɗai za ki san amsar, sai Allah.

Abu na ƙarshe. Likita ya ce wata mai zuwa za a yi wa babanki aikin yanar ido, ni ce kuma za ni riƙa ɗiga masa magani a gida. Na tsufa, Rabi, na fara mantuwa, ina iya tasowa daga tsinkar zogale in nufi idonsa da kwalba. In kin zo hutu kinka ga haka, kada ki ce uwarki ce, kada ki ce ta fi ki daɗewa a aiki. Ki riƙe mani hannu. Na ba ki izini tun yau, a rubuce.

Allah Ya sa albarka a hannuwanki, Ya sa su zama sanadin sauƙi ga duk wanda sunka taɓa. Allah Ya haɗa ki da abokan aiki nagari, Ya tsare ki a masauki da kan hanya, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir baki ɗaya, Ya dawo mana da ke lafiya. Ki gaida matar gidan da za ki sauka, ki ce na ba ta amana. Na yafe maki duniya da lahira.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Asma'u.